Tafiyar Tahoua da Matasan da Ke Koyon Ingilishi Ranar Asabar

Wanda zai tashi daga Yamai zuwa Tahoua a motar bas dole ne ya yi sammako, domin tafiyar ta haura kilomita 500, kuma tun kafin kiran assalatu ake fara loda kaya a tasha. A cikin sanyin watan Janairu na kama wannan hanya don in gaida yayata da ke aure a can, bayan na daɗe ban sa ƙafa a ƙasar Adar ba. Gari ya waye mana kafin mu kai Dosso, muka wuce Dogon Dutsi, inda Zabarmanci ke ja da baya Hausa ta karɓi tasha da kasuwa, sannan da rana ta take muka sauka a Birnin Ƙonni don salla da cin abinci.

Ƙonni gari ne da ba a wuce shi ido rufe, musamman ga mutum irina da ya karanta Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni kuma yake ciyar da iyalinsa da aikin tafinta. Iyakar Najeriya tana nan kusa, Sakkwato ma ta fi Tahoua kusa da garin, kuma 'yan canji suna zaune da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya hannun. Yawancin kayan da ke shimfiɗe a bakin tasha, daga kwalin taliya da sabulu zuwa cajar waya da maganin ciwon kai, rubutun da ke jikinsu na Ingilishi ne, amma kaɗan ne daga cikin masu sayarwa da masu saye za su iya karanta shi. Mutanen Ƙonni da na Illela ta Najeriya dangin juna ne, harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906 ne suka ja layi a tsakaninsu, har ya zama yaron can yana shiga aji ya tarar da Ingilishi, na nan kuma ya tarar da Faransanci. Saboda haka ɗan Nijar da ke makarantar gwamnati ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya gama shekara shida ta firamare ya shiga ajin farko na kwaleji, wanda ake kira siziyam, kuma harshen yakan zo masa ne a matsayin na huɗu, bayan Hausar gida da Larabcin makarantar allo da Faransancin boko, ban da waɗanda a gidajensu ake Buzanci ko Fillanci.

A Tsarnawa motar ta bar hanyar Maraɗi ta yi arewa, ta hau titin da ke zarcewa har Agadas. Daga nan ƙasa ta fara sauya launi, duwatsu da tsakuwa suka yawaita, fako ya miƙe hagu da dama. Wajen Badagishiri na riƙa hango gonakin da aka yi wa tassa, wato ƙananan ramukan da manomi ke haƙawa a busasshiyar ƙasa tun da rani, ya zuba musu taki, domin idan ruwan sama ya sauka ya tsaya a ciki maimakon ya gudu ya tafi da ƙasar. Tun ƙarshen shekarun 1980 wannan dabara ta yaɗu a yankin, ta mayar da filayen da aka fid da rai da su gonakin gero da dawa. Da la'asar sakaliya muka shiga Tahoua, ɗan kabu-kabu ya kai ni gida.

A daren farko, bayan an gama gaishe-gaishe an ci tuwon gero, na gane cewa gidan yana cikin wata gardama da ta daɗe tana ci a hankali. Ɗan yayata, mai shekara 16, yana ajin ƙarshe na kwaleji, kuma zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji a ƙarshen shekarar karatu. Mahaifinsa, manomin albasa ne kuma ɗan kasuwarta, yana so ya ajiye boko ya bi ƙanin mahaifin zuwa Abijan. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi karatu, hwaɗa mini gaskiya. Mu nan Adar da bida munka gina gidajenmu. Yaro ya kai wannan girma, kullum Asabar ya bar ni da aikin garka ya tahi koyon Ingilishi. Mi za ya ci da shi?" Na ce, "Alhaji, bari in ga abin da suke yi da idona kafin in ba ka amsa." Tambayar tasa ba ta raini ba ce, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Duk wanda ya san Adarawa ya san cewa tafiya bida, zuwa Abijan ko Legas ko Kamaru ko Libiya, ita ce ta ciyar da gidaje da yawa a shekarun da damina ta gaza, ita ce ta ɗaura aure ta kuma ta da ginin siminti. Uban da ya ce ɗansa ya tafi yana nuna masa hanyar da ya ga ta yi wa wasu rana ne.

Ranar Asabar da la'asar na bi yaron da ƙanwarsa mai shekara 14 zuwa makarantarsu. A ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke tsakar makarantar muka tarar an jera bencina uku an shimfiɗa tabarmi, an jingina guntun allo da kututturen bishiyar. Yara ne da ba su kai talatin ba, maza sun fi yawa, daga 'yan siziyam har zuwa 'yan ajin ƙarshe. Malamin Ingilishinsu, wanda suke kira Mushe, saurayi ne da ba a biyansa ko dala a kan wannan zama, ya zauna a gefe bai ce komai ba. Yaran ne ke tafiyar da abinsu: akwai shugaba, akwai mai kula da lokaci da ke riƙe da waya, akwai ma'aji, wata yarinya mai farin hijabi da littafin rubutu a cinyarta. Duk wanda ya makara sai ya ajiye dala biyar, wato sefa 25, a cikin gwangwanin asusu kafin ya zauna, kuma an gaya mini cewa Mushe da kansa ya taɓa biya.

Tsarin zaman shi ne kowane mako a zaɓi wasu su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi minti uku yana ba da labarin wani abu da ya yi a gida ko a gona, da Ingilishi, ba tare da karantawa daga takarda ba. Wanda ya tsaya mini a rai wani ɗan siririn yaro ne da bai wuce shekara 13 ba, sanye da rigar sanyi da ta yi masa yawa. Da aka kira shi sai ya miƙe ya haɗa hannuwansa a baya, idonsa a ƙasa, leɓensa na rawa. Ya fara da cewa ranar Juma'a ya kai wa babansa fura a garka a kan jaki. Jimla ta farko ta fita, ta biyu ta fita, sai ya zo kan kalmar tafiya, wadda a Ingilishi take sauya siffa gaba ɗaya idan aikin ya riga ya wuce, ya tsaya cak. Na ga yadda ya haɗiyi yawu, ya ɗaga kai ya dubi ganyen bishiyar, ya sake sunkuyawa. A ajin da na sani, nan take dariya za ta ɓarke, wani ya kwaikwayi muryarsa, yaron ya zauna ya rantse a zuciyarsa ba zai ƙara buɗe baki ba har ya bar makaranta. A nan kuwa babu wanda ya yi motsi. Mai kula da lokaci ya ci gaba da duban wayarsa, sauran suka jira. Can sai yaron ya ɗora wa kalmar ƙarshen da ake ɗora wa sauran kalmomin aikatau, wanda ba daidai ba ne, ya wuce, ya kai jakin garka, ya mayar da shi gida, lokaci ya cika. Aka tafa masa. Sannan wata yarinya ta ɗaga hannu, ta fara da cewa muryarsa ta fita kuma labarin ya bi tsari daga farko zuwa ƙarshe, bayan haka ta faɗi siffar kalmar da ya nema ya rasa. Ya maimaita sau biyu, ya rubuta a tafin hannunsa da biro, ya koma ya zauna.

Dokoki biyu ne suka haifar da abin da na gani, kuma yaran ne suka kafa su da kansu bayan wasu sun daina zuwa saboda ba'a: ba a dariya ko katse mai magana har sai ya gama, kuma duk wanda zai yi gyara sai ya fara faɗin abin da mai maganar ya yi daidai. A ganina wannan ya fi kalmar da yaron ya koya daraja nesa ba kusa ba. Mun taso an koya mana kunya, kuma kunya ado ce ga yaro a gaban manya, amma akwai tsoron a yi wa mutum dariya wanda ke hana shi tambaya a aji, ya hana shi cewa bai gane ba a asibiti ko a ofis, ya bi shi har girma. Koyon baƙon harshe yana tilasta wa matashi ya yi kuskure a bainar jama'a kowace rana. Bahaushe yakan haɗa wasu sautuka biyu da Ingilishi ya raba, wanda ya saba da Faransanci yakan haɗiye harafin da ya kamata a hura, kuma sautin da ake fitarwa da harshe a tsakanin haƙora yana ba kowa wuya. Yaron da ya saba tsayawa a gaban tsaransa ya yi tuntuɓe, a gyara masa, ya karɓa ba tare da fushi ba, ya sami wani abu da zai yi masa amfani ko da bai ƙara furta kalmar Ingilishi ba bayan ya bar makaranta.

Bayan labarai sai aka shiga muhawara. Batun ranar shi ne ko ya dace gwamnati ta fi kashe kuɗi a kan kokawa ko a kan ƙwallon ƙafa, batun da ke da zafi a garin da aka fara gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a 1975. Da ƙuri'a ake raba ɓangarori, don haka ɗan yayata, wanda ba ya barin rediyo idan ana gasar takobi, ya sami kansa yana kare ƙwallo. Sai da ya zauna ya nemo hujjojin da zai kare abin da zuciyarsa ba ta so, kuma kafin ya mayar da martani dole ne ya maimaita abin da abokin hamayyarsa ya faɗa har shi abokin ya yarda cewa haka ya ce. Ingilishin nasu ya yi ta karyewa, wani lokaci Faransanci ya kutso, shugaba ya ɗaga yatsa a koma. Amma na sha zama a tarukan manya a Yamai ina fassara, inda mutum ke amsa abin da ba a faɗa ba don bai tsaya ya saurara ba, kuma na san cewa wannan horo da yaran ke yi wa kansu ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a tashi ma'aji ta miƙe ta karanta lissafi: abin da ya shiga daga tarar makara da gudummawar mako, abin da aka kashe a kan alli da ɗaukar hoton takardu, da abin da ya rage a gwangwani. Aka zazzage kuɗin a kan benci, yara biyu suka ƙirga, ya yi daidai da abin da ke rubuce. Na ciro jaka biyu na miƙa wa Mushe a matsayin tawa gudummawar, sai ya janye hannunsa ya nuna mini yarinyar. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Mun gode, Baba, Allah ya ƙara buɗi," ta rubuta a littafi, ta kuma sanar da kowa da babbar murya. Kuɗin duka bai taka kara ya karya ba, amma yarinyar da ta saba tun tana shekara 15 cewa kuɗin jama'a ana rubuta shi a kuma ƙirga shi a gaban masu shi, ina kyautata zaton ba za ta manta da hakan ba ranar da aka damƙa mata abin da ya fi gwangwani.

Da yara suka watse na zauna da Mushe muka sha shayi a wata fada, wato majalisar hirar samari, da ke kusa da makarantar. Ya ce mini babbar matsalarsa ita ce darasin aji ba ya zama a kan yara, domin ajin ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, kuma da zarar an fita ƙofar makaranta babu inda yaro zai ji Ingilishi, ba a kasuwa ba, ba a gida ba. Sai gonakin Badagishiri suka faɗo mini: darasin da ake zubawa a irin wannan aji ruwan sama ne a kan fako, yana sauka yana gudu, kuma waɗannan 'yan ɗabi'u da yaran suka ƙirƙira, kalma biyar a rana, minti uku a mako, su ne tassar da ke tare shi. Wahalar kuwa ita ce babu wanda zai haƙa wa yaro ramin, shi ne zai ware lokacin, ya nemi abokan yi, ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa ranar da babu mai duba shi. Daga nan ne nake ganin girman hankali ke shigowa, domin ɗawainiyar da matashi ke ɗauka don ya mallaki harshen ita ce ke gina shi.

Mun taɓo batun waya. Mushe bai hana ta ba, kuma na yarda da shi. Idan ɗayansu ya sami kuɗin intanet yakan sauko da darussan murya ya tura wa saura, kuma suna da zaure a WhatsApp inda kowa ke naɗar muryarsa ya saurari kansa kafin ya aika. Amma ya ce da ya duba aikin gida yake gane wanda waya ta fassara, saboda manyan kalmomin da yaron bai taɓa gani ba sukan cika shafin. Ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ya kira mai aikin ya ce ya bayyana jimla ɗaya da bakinsa. Yaran ƙungiyar sun riga sun gane cewa maki 18 bisa 20 da waya ta kawo ba ya tsaya wa mutum ranar Asabar, inda babu abin riƙewa sai abin da ke cikin kai, don haka da yawansu sun gwammace su kawo aiki mai kurakurai wanda nasu ne. Muna cikin wannan magana ɗan yayata ya wuce ta gaban fadar, wasu samari suka bi shi da kirarin Bature, wani ya ce ya gaishe su da harshen Ingila. Ya gaishe su da Hausa cikin ladabi, ya yi murmushi, ya wuce abinsa. Mushe ya ce bara irin wannan tsokana har faɗa ta sa shi.

Lamarin 'yan mata ya fi nauyi. 'Yar yayata takan tashi da asuba ta share tsakar gida, ta wanke kwanoni, ta taya uwarta dama koko, sannan ta shirya zuwa makaranta, da ta dawo kuma ga ɗiban ruwa ga girkin dare. Kalmominta biyar na rana a guntun kwali take rubuta su ta soke a bakin zani, tana wanke-wanke tana dubawa. A ƙasar da kusan kashi 76 cikin 100 na mata ke yin aure kafin su cika shekara 18, kowace shekarar da yarinya ta ƙara a kwaleji nasara ce da aka samu da lallashi, duk da dokar da gwamnati ta fitar a 2017 don kare karatun 'ya'ya mata. Yayata ta yarda 'yarta ta riƙa zuwa ne bisa sharaɗin a tashi kafin magariba kuma 'yan matan unguwa su dawo tare. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ta gaya mini muna zaune a ɗakinta: da aka lura 'yan mata sun fi kowa biyan tarar makara, aka tattauna dalili a ƙungiyar, sai samarin da ke da ƙanne mata a ciki suka ɗauki ɗiban ruwan ranar Asabar. Ta ce, "Ni ban taɓa zaton zan ga ɗana da jarka a kan kura don ƙanwarsa ta je karatu ba." Babu darasin nahawun da ya koya masa wannan, zama da jama'a a kan manufa ɗaya ne ya buɗe masa ido ya ga aikin da kullum ake yi a gabansa bai taɓa ƙirga shi aiki ba.

Wata safiya na bi Alhaji da yaron zuwa garka a fadamar da ke gefen gari. Albasa ta yi kore shar, ga kabeji da tumatir a gefe, injin ban-ruwa yana ta ƙara. Alhaji ya ciro kwalbar maganin ƙwari da ya saya a kasuwa, irin waɗanda ke shigowa ta Najeriya, zai auna da murfi yadda ya saba ya zuba a tankin feshi. Yaron ya ce, "Baba, ba ni in duba." Ya juya kwalbar, ya share ƙurar da ke kan takardar da babban yatsa, ya fara karantawa a hankali yana mayarwa da Hausa: a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, kada a yi feshi ana fuskantar iska, kada a ci ko a sha ana cikin aikin, kada a zuba ruwan sha a kwalbar bayan ta ƙare, kuma akwai adadin kwanakin da dole a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir a kai kasuwa. Da ya zo kan ma'aunin da ake haɗawa da ruwa sai ya tsaya, ya sake karantawa, ya ce, "Baba, wannan wurin ban gane shi ba, kada in faɗa maka abin da ba shi ne ba." Ya miƙo mini ya ce, "Kawu, duba mana." Muka warware tare, muka ga abin da Alhaji ya saba zubawa ya zarce ƙima, muka kuma yi shawarar a tuntuɓi malamin gona ya tabbatar. Yaro mai neman ya burge mahaifinsa, a daidai lokacin da ake gardama a kan amfanin karatunsa, da sauƙi zai ƙirƙiro amsa, tunda babu mai kama shi. Wannan ya zaɓi ya ce bai sani ba, kuma na tabbata a ƙarƙashin bishiyar nan ya koyi cewa faɗin haka ba ya rage mutum.

A hanyarmu ta dawowa na ba Alhaji amsar da na yi masa alkawari. Na gaya masa cewa ba zan rantse masa Ingilishi zai ba ɗansa aiki ba, domin na san masu digiri a Yamai da ke zaune a fada suna jira. Amma ƙofofin da harshen ke buɗewa na gaske ne: ɗalibanmu suna karatu a Sakkwato da Kano da Zariya da Akara, kamfanonin mai, tun daga matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, suna hulɗa da baƙin da Ingilishi ne ke haɗa su da mu, albasar Galmi da ta Adar kuma har Gana take zuwa, inda mai ciniki da bakinsa ya fi mai jiran tafinta. Ga Jami'ar Djibo Hamani a cikin garin Tahoua, ba sai yaro ya yi nisa ba. Ko bidar ce ma, wanda ya tafi da takardar shaida da harshe da halin riƙon amana ba ɗaya yake da wanda ya tafi da ƙarfin damtse kaɗai ba. Alhaji bai amsa nan take ba, sai bayan sallar isha'i ya kira yaron ya ce ya bar shi har jarrabawa, bisa sharaɗin kowace safiya ya je ya yi ban-ruwa kafin makaranta, kuma shi zai riƙa rubuta lissafin buhunan albasa idan an fara cira. Idan ya ci ya wuce lise, wato babbar sakandare, idan ya faɗi a sake zama a yi shawara. Yaron ya durƙusa ya ce ya yarda.

Akwai abu ɗaya da na ga ya rage musu, na kuma faɗa musu a zaman Asabar da na sake halarta. Tun ƙarshen watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, kuma yaran sun san da haka, har suna alfahari. Amma da na ce kowa ya rubuta mini taƙaitaccen labarinsa da Hausa, kusan dukkansu da ƙa'idar Faransanci suka rubuta, babu haruffa masu lanƙwasa, babu raba kalmomi daidai. Laifin ba nasu ba ne, domin ko da yake tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, yawancin makarantu ba su bi wannan tsari ba. Na nuna musu cewa wanda zai karanta wa mahaifinsa takardar magani, ko ya fassara wa unguwa wata sanarwa, yana buƙatar harsunan biyu su tsaya da ƙafafunsu. Suka tattauna, suka kaɗa ƙuri'a, suka amince cewa duk wanda ya ba da labarin minti uku zai kawo shi a rubuce da Hausa mako mai zuwa.

A wannan zama ne kuma suka ɗauko maganar babban hutu, wanda ke faɗawa cikin damina, lokacin da wasu ke komawa ƙauye noma, ƙungiyar ta watse har watan Oktoba. Shawarar da suka yanke ita ce kowa ya riƙe ƙaramin littafi ya rubuta layi biyar kowace rana a kan aikin da ya yi, shuka ko noma ko kiwo, a yi musaya idan an dawo, kuma a sayi littattafan da kuɗin asusu ga waɗanda ba su da hali. Da yake shugaba da ma'aji duk za su bar kwalejin bana, suka zaɓi mutum biyu daga ƙananan azuzuwa su fara zama kusa da su suna koyon aikin tun yanzu. Ni ma ba su bar ni haka ba. Suka ɗora mini in nemo musu ƙamus biyu na hannu a wurin masu shimfiɗa littattafai kusa da Babbar Kasuwar Yamai, in aiko ta hannun direban bas, in kuma riƙa turo musu saƙon murya sau ɗaya a wata a kan yadda aikin tafinta yake. Na amsa, ma'aji ta buɗe shafin alkawura ta rubuta, ta tambaye ni ranar da ƙamus ɗin za su iso, na ce kafin ƙarshen Fabrairu, ta rubuta wannan ma.